Filin Tambaya da Amsa: Yadda Za a Adana Tarihin Mahaifi

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya rasu wata biyar da suka wuce, bayan ya haura shekara 90. Zaman aurensa da mahaifiyarmu ya zarce shekara 60. Muna son mu haɗa ɗan littafin tarihinsa saboda jikoki, amma duk wanda ya ɗauki biro a cikinmu ba ya wuce "mutumin kirki ne, mai haƙuri". Ta ina za mu fara? (Daga wata mai karatu)

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙurin rashi. 'Yar'uwa, ku ajiye biro tukuna, ku fara da bakin mahaifiyarku. Abin da ta sani a kansa babu shi a kowace takarda, ga shi ita ma shekaru sun ja. Da zarar zafin rashin ya lafa mata, ku nemi izininta ku naɗi muryarta.

Wayar hannu ta isa. A sa ta a yanayin jirgin sama don kada kira ya katse naɗin, a kashe fanka da talabijin, a ajiye ta kan matashi kamar taƙi biyu daga bakinta. Idan aka ɗora ta kan tebur, duk motsin kofi sai ya shiga. A gwada minti ɗaya a saurara kafin a ci gaba. Naɗin awa guda bai cika wuce megabait 60 ba, amma kada zama ɗaya ya haura minti 40, domin tsoho kan gaji ya fara maimaita zance. Gara zama biyar gajeru da guda ɗaya mai tsawo. Mutum ɗaya ya yi tambaya, sauran su ba su wuri. In ɗaki ya cika, kowa gyara mata zance zai riƙa yi, ita kuma kunya ta hana ta faɗin abin da ya fi daɗin ji.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wurin tambayar. In kika ce "Mama, ba mu labarin Baba", addu'a za ta yi masa ta yi shiru, saboda tambayar ta yi faɗi. Ki ƙuntata ta. Wane ɗaki kuka fara zama? In ya dawo gida, me yake fara yi? Ta yaya kike gane ransa ya ɓaci? Wace shekara ce ta fi muku wuya, kuma yaya ya ɓullo mata? Ki miƙa mata tabaraunsa ko agogonsa ta riƙe, za ki ga zance ya ɓalle da kansa. In ta yi shiru, kada ki yi gaggawar cike gurbin. Sau da yawa bayan shirun ne maganar take fitowa.

Wajen rubutu kuma, duk halin da kuka ambata ku biyo shi da abin da ya faru. Jika bai ƙaru da komai ba in an ce masa kakansa mai haƙuri ne, amma in aka ce ya shekara biyu yana jinyar matarsa, shi ke ba ta magani da hannunsa, ya san ko waye. Sirrin aure da tsohuwar rigimar dangi a bar su a waje, kuma a karanta wa mahaifiyarku duka kafin a kai ɗab'i.

Tambaya: Katin shaidar mahaifina ya nuna 1938, ƙanensa ya ce 1934 ne, shi kuwa kafin rasuwarsa cewa yake ya kai 93. Wanne zan rubuta? (Daga wani mai karatu)

Amsa: Malam, katin da aka yi wa mutum da girmansa sau da yawa ƙiyasi ne, musamman in ka ga 1 ga Janairu a jiki. Takardar da aka rubuta tun yana matashi, kamar ta makaranta ko ta ɗaukar aiki, ta fi ƙarfi. In babu, ka ɗauki shekarun babban ɗansa ka haɗa da shekarun mahaifin lokacin da aka haifi ɗan, sannan ka gwada da wani babban abu da yake tunawa. Wanda ya ce yana ɗan shekara goma aka gama Yaƙin Duniya na Biyu, wato 1945, an haife shi wajajen 1935 ke nan. Ka kuma bincika da wace kalanda yake lissafi. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, saboda haka mai 90 a Miladiyya ya doshi 93 a lissafin Hijira. Mai yiwuwa shi da ƙanensa duk gaskiya suka faɗa. In abin bai daidaita ba, ka rubuta "wajajen 1934", kada ka ƙirƙiro rana da wata.

Tambaya: Hotunansa sun fara dafewa, wani ma ya manne da gilashin firem. In kai a yi musu laminatin? (Daga wata mai karatu)

Amsa: A'a, Malama. Laminatin zafi ne da gam, in an yi ba ya ciruwa. Wanda ya manne kada ki ɓanɓare shi, fuskar hoton za ta bi gilashin. A ɗauki kwafinsa ta cikin gilashin haka nan. Sauran a yi musu sikanin a kan dpi (ma'aunin kaifin hoto) 600, takardu kuma 300 ya wadatar. In da waya za ki ɗauka, ki yi kusa da taga da rana, ba tare da fitilar kyamara ba. Ki rubuta sunayen mutane da shekara a bayan kowane hoto da fensir, domin tawadar biro tana ratsowa gaba. Ki adana su a kwali mai murfi nesa da danshi, da farar takarda tsakanin hoto da hoto. WhatsApp yana rage ingancin hoto, don haka ki tura wa 'yan'uwa a matsayin fayil. Kwafi uku ake so: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a filashi a gidan wani ɗan'uwa, ɗaya a ma'ajiyar intanet. Filashi kan mutu ba sallama, sai a riƙa buɗe shi ana dubawa duk shekara.