Ku Tambayi Anti: Na sa folere (zoɓo) sabuluna ya lalace, ga gasa ta matso

TAMBAYA: Salamu alaikum Anti, ina gajiya ya iyali. Dan Allah a taimaka min. Ƙungiyarmu ta mata a unguwa ta shirya gasar sana'ar hannu a satin 8 ga Maris, ni kuma na sa sunana a ɓangaren sabulu duk da ban daɗe da fara koyo ba, sharaɗin shine sabulun ado kuma banda kalar kanti sai ta itatuwa da ƙasa. Na dafa folere ja jawur na tace na zuba cikin haɗin, wallahi ina zubawa ya koma wani kore-kore, bayan kwana biyu da na cire shi daga mazubi ya zama ruwan ƙasa mara kyan gani, ga wani farin gari da ya fito a samansa. Na zogale ma ya fara da kyau yanzu yana dushewa. Saura sati bakwai. Ya zanyi, ko dai in janye sunana kawai? Daga Maman Ilham, Domayo, Marwa, Kamaru.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Janyewa kuma? Haba, sati bakwai ai ya isa, amma fa ba na wasa bane dan sabulun da aka haɗa da soda (mai ƙuna ta yin sabulu, ba ta girki ba) yana buƙatar sati 4 zuwa 6 yana shan iska kafin yayi ƙarfi ya daina zafi a fata, kinga kenan sati ɗaya kawai gareki na gwaji, na biyun ki zuba na gasar.

Maganar folere ba hannunki bane, haka yake yiwa kowa. Jan nan nasa sai a cikin tsami yake zama ja, shiyasa in kika matsa lemun tsami a zoɓo yake ƙara haske, ita kuwa soda kishiyar tsami ce, tana haɗuwa dashi take juya shi kore daga nan ya mutu ya koma ruwan ƙasa ko toka-toka. Ko buhu guda kika dafa haka zai fito. Bitirab ma hakane, kada wata ta ce miki ki gwada shi ki sake asarar mai. Shi kuma zogale da duk wani koren ganye, har da dihe, koren gansakukar nan da matan Kanembu suke kwasowa a tafkunan yankin Kanem a Chadi, suna bada kore mai kyau a satin farko amma haske da iska suna cinye shi a hankali, zuwa ranar gasa ya zama kalar busasshen ganye. In kin matsa sai kinsa kore to ki ajiye shi a ɗaki mai duhu ki kuma san cewa ba koren da kika zuba zaki ɗauka ba.

Ni dai shawarata ki daina bin kalar da tayi kyau a tukunya, ki nemi wadda soda bata iya mata komai. Ta farko gawayi. Wanda ake saidawa a farmasi yafi laushi, in kuma na gida zakiyi ki samu na icce mai kyau wanda ba'a zuba masa kananzir ba, ki daka ki tankaɗe da ƙyallen ɗankwali sau biyu dan ko ɗan tsakuwa ɗaya ya rage zai karce fatar mutum. Ƙaramin cokali ɗaya a rabin kilo na mai ya wadatar, in kika wuce haka kumfar zata fito baƙa ta ɓata tawul. Ta biyu manja, eh manjan miya da bai sha wuta ba, shi yake bada ruwan ɗorawa mai kyau sosai kuma babu ɗigo-ɗigo a jiki tunda shi kansa mai ne, babban cokali ɗaya a kashi ɗaya cikin uku na haɗin ya isa, in kin ƙara ya tafi kalar lemu. Shima baya son rana. Sai jar ƙasa irin ta masu ginin tukwane, ki jiƙa ta ki tace ki bar ta ta kwanta ki shanya sannan ki niƙe, ita ce zata baki wannan ja-ja ɗin da kika nema a wajen folere, ba jawur ba gaskiya, amma ita bata canzawa ko shekara tayi. Ki dama ta da ɗan ruwa kafin ki zuba in ba haka ba ta shanye ruwan sabulun ya tsattsage. Kurkum yana yi amma kada ki firgita in kika ga ya koma ja da ya taɓa soda, zai sauko ya dawo rawaya mai ɗan duhu, kuma in kika jiƙa shi a man gyaɗa kwana uku kika tace yafi fitowa sumul. Garin koko na bada ruwan ƙasa mai kyau. Baba kuwa na masu rini yana bada shuɗi mai zama, ɗan kaɗan ake sawa kwatan ƙaramin cokali, sai dai yawancin garin shuɗin da ke kasuwa yanzu na kamfani ne, bula ma haka, in ba kin san marinin ba ki barshi kada a cire ki a gasa akan abinda baki sani ba.

Baki gaya min yadda kike awo ba, kuma nasan da yawanku da gwangwanin tumatir da murfin bido (jarka) kuke yi. Na gasa dai a nemo sikelin kicin ko na aro ne. Ga haɗin kilo ɗaya: man kwakwa giram 300, man kaɗanya 300, man gyaɗa 400, soda giram 140, ruwa 300. Zai baki sabulu wajen 12. Kada ki cire wani mai ki sa wani a madadinsa ki bar sodar yadda take, kowane mai da yawan sodar da yake ci, man kwakwa yafi man kaɗanya ci nesa ba kusa ba, in zaki sa alayyadi ko man auduga sai an sake lissafi daga farko. Soda ake zubawa cikin ruwa, ba'a zuba ruwa akan soda, a tsakar gida inda iska take, da safar hannu da tabarau, yara kuma a tura su maƙwabta. Banda tukunyar alminiyon irin ta ƙira, soda tana cinta, sai roba mai kauri ko ƙarfen da baya tsatsa. In ta fallatsar miki a fata ruwa mai yawa zaki ta zubawa.

Ki bari ruwan sodar ya huce shi da man duka su dawo ɗumi-ɗumi sannan ki haɗa, kina juyawa har yayi kaurin kunun gyaɗa mara kauri sosai, anan zaki raba uku ki sa kala. Tunda sabon hannu ce ke kada ki ɗauko zanen nan mai murɗe-murɗe da kike gani a Facebook, waɗancan sun ɓata mai da yawa kafin su iya. Kiyi hawa uku. Baƙi a ƙasa, ki jira ya ɗan kama yadda in kin taɓa da cokali bazai nutse ba, sai ki zuba na tsakiya wanda babu kala a kan bayan cokali a hankali dan kada ya huda na ƙasa, sannan na manja ko jar ƙasa a sama. In kina son ƙarin ado ki sa garin koko a rariyar shayi ki barbaɗa siriri tsakanin hawa da hawa, in aka yanka sai ya fito da layi ɗaya siriri kamar da alƙalami aka ja, amma siriri fa, in yayi yawa hawan zai rabu biyu a hannun mai wanka. Mazubi ko kwalin madara na lita ko akwatin katako da aka shimfiɗa wa leda duk yayi. Ki bubbuga shi a ƙasa iska ta fita.

Farin garin da kika gani a sama sodar da bata gama haɗewa da mai ba ce ta gamu da iska, baya cutarwa, muni kawai gareshi. Da kin gama zubawa ki rufe fuskar da leda ta manne, in kuma ya riga ya fito ki goge da ɗanyen ƙyalle ko ki kara shi akan tururin ruwan zafi. In ana sanyin hunturu da dare ki lulluɓe mazubin da tsohon zani, zafin da yake yi a ciki shi ke ƙara fito da kala, amma in zafin Marwa ya fara shigowa ki bar lulluɓi in ba haka ba tsakiyarsa ta fashe. Bayan kwana ɗaya zuwa biyu ki cire ki yanka duka girma ɗaya, ki sa ma'auni kada kiyi da ido, ki ɗan fere gefunan da wuƙa su daina kaifi. Ki shanya a inuwa akan kwali da tazara, ki yafa mayafi mara nauyi sbd ƙura, kina juya su duk bayan kwana biyu-uku.

Ga Marwa cike da masu sassaƙa da dukawa, ki je kasuwar masu sana'ar hannu a sassaƙa miki ɗan hatimin katako da dagi ko harafin sunanki, ki danna washegarin yanka lokacin bai gama tauri ba, ki gwada akan guntun gefe tukuna. Folerenki kuma bai tashi a banza ba, ki naɗe kowane sabulu da farar takarda a tsakiya ki ɗaure da zaren kaba ki maƙala busasshen folere ɗaya a jiki, a wajen sabulun jansa bazai je ko ina ba. Kada dai ki barbaɗa shi a saman ɗanyen sabulu, baƙi zaiyi. Ranar gasa ki jera ƙananan ƙoƙuna a faifai, ɗaya gawayi ɗaya jar ƙasa ɗaya manja, duk wanda ya tsaya yaga daga inda kala ta fito, ki kuma tafi da buta da guntu ɗaya dan alƙalai su wanke hannu su ji da kansu.

TAMBAYA: Anti ni tsoron soda nakeyi, zan iya sa kanwa a madadinta? Kuma na zuba humra a nawa nan take ya daskare a roba ko zubawa ban samu nayi ba. Daga ƙanwarki a Kusiri.

AMSA: Kanwa bata da ƙarfin da zata mayar da mai sabulu mai tauri, zaki tashi da wani abu mai maiƙo ne kawai. Sabulun salo da ruwan toka ake yinsa, shi kuma hanyarsa daban, dafa shi akeyi akan wuta kuma baƙi yake fitowa, baya ɗaukar ado. In tsoron yayi yawa ki nemi sabulun gilisarin wanda aka riga aka haɗa, narkarwa kawai zakiyi ki sa kala ki zuba a mazubi. Humra kuwa turaren ruwan da ake haɗa ta dashi akwai alkol a ciki, shi ya daskarar miki da haɗin. Ki nemi turaren mai wanda aka yi dan sabulu, ki gwada a ɗan kofi kafin ki juye a duka, kuma ki guji mai vanila in farin sabulu kike so dan yana mayar dashi ruwan ƙasa. Wanda ya daskare ɗin kada ki zubar, ki goga shi a magogi ki sa ɗan ruwa ki narka a wuta kaɗan-kaɗan ki danna a mazubi, yayi na wanki.