Kardan ɗin taraktarmu yana yawan karyewa: wanne za mu saya, kuma yaya za mu kula da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ke kula da taraktar ƙungiyarmu ta manoma a yankin Madarumfa, Massey Ferguson 375 ce ta hannu. Bana muka sayo injin sussukar hatsi wanda tarakta ke juyawa ta baya. Akwai wani noti da ke yawan tsinkewa a kan kardan ɗin, wato sandar ƙarfen da ke kai juyi daga tarakta zuwa inji, sai muka sa mai ƙarfi a madadinsa. Bayan haka mahaɗar kardan ta fashe, mai walda ya ɗinke, ta sake ɓallewa. Yanzu kuma mai yana tsiyaya daga inda kardan ke shiga bayan tarakta. Za mu shigo Maradi mu sayi sabo. Wanne ya dace?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa albarka a cikin amfanin bana. Kafin ku fitar da ko dala, ku tsayar da aikin, ku kai taraktar wurin bakanike ya duba tsiyayar nan. Mai ba ya fitowa daga wurin haka kawai. Galibi alama ce cewa an tokari sandar juyi ta tarakta, wato sandar bayanta da ake ɗaura wa kardan, har robar da ke tare mai ta lalace, wani lokaci har da boris ɗin da ke bayanta. Abin da ya fi jawo wannan tokara shi ne kardan da ya yi tsawo. In kuka ɗaura sabo ba tare da awo ba, shi ma haka zai yi.

Kardan bututu biyu ne, ɗaya na zamewa cikin ɗaya, domin tazarar da ke tsakanin tarakta da inji ba ta zama wuri ɗaya. In ka karya kwana ko ka hau kunya ko ka gangara kwari, tazarar tana iya raguwa ko ƙaruwa. In bututun ya shige har ƙarshe, ba sauran wurin zamewa, duk nauyin tarakta sai ya bi ta cikinsa ya daki mahaɗa da akwatin giya. Mai shago ba zai iya auna maka wannan ba, don bai ga injinka ba, kuma sabon kardan yakan zo da tsawon da ya wuce bukata da gangan, domin a yanke shi daidai.

Ga yadda ake awon. Ka kashe tarakta, ka zare makulli. Ka haɗa injin, ka sa shi a matsayin da ya fi kusa da tarakta. Ka raba kardan gida biyu, rabi ka ɗaura wa tarakta, rabi ka ɗaura wa inji, ka riƙe su kafaɗa da kafaɗa, ka yi alama da alli. Ka bar sararin santimita 3 zuwa 4 wanda bututu ba zai taɓa cikewa ba. Abin da ka yanke a rabi ɗaya shi za ka yanke a ɗaya rabin, da ƙarfen da rigar robar da ke rufe shi duka. Sannan ka bi bakin yankan da magagari har sai ya yi sumul, ka kakkaɓe garin ƙarfen, ka shafa giris. Bayan nan sai ka duba ɗaya ɓangaren: in inji ya yi nisa iyakar nisansa, aƙalla kashi ɗaya cikin uku na tsawon bututun ya kasance yana cikin ɗan'uwansa. In ya gaza haka, yana iya zarewa ana cikin aiki, kuma rabin kardan da ke juyi a sake yana iya kashe mutum. Tunda injinku a tsaye yake aiki, shawarata ita ce ku cire kardan gaba ɗaya duk lokacin da za ku tashi daga wannan masussuka zuwa waccan. Hanyoyin gonakin gefen Gulbi ba sa yi wa ƙarfe sauƙi.

Zaɓin bakin kardan ba shi da wuya. Sandar da ke bayan irin taraktarku mai haƙora 6 ce, kaurinta milimita 35, tana juyi 540 a minti. Manyan taraktoci suna da mai juyi 1000, haƙoranta 21, ko kuma mai kaurin milimita 45 da haƙora 20. Ka ƙirga haƙoran tarakta, ka ƙirga na inji, domin ba lallai su zo ɗaya ba. Kada ka yarda a haɗa injin 540 da juyi 1000 ta hanyar wani ƙarin baki.

Girman kuwa, ƙarfin da injin ke ci shi ake bi. A tsarin lambobin da kamfanonin Italiya irin su Bondioli & Pavesi suka yaɗa, wanda masu ƙera na China da Indiya da yawa ke bi, lamba 4 tana ɗaukar kimanin ƙarfin doki 35 a juyi 540, lamba 6 kimanin 64, lamba 8 kimanin 95. Tsohon kardan zai gaya maka lambarsa ko da takardar ta goge: ka auna giciyen ƙarfen nan mai hannu huɗu da ke cikin mahaɗa. In kaurin hular da ke kan kowane hannunsa milimita 27 ne, faɗinsa ya kusa 75, lamba 4 ke nan. In kaurin 30 da ɗan ɗoriya ne, faɗin 92, lamba 6 ce. Ka ɗauki tsohon ka je da shi kasuwa. Ƙaramin injin sussuka yakan wadatu da lamba 4, amma in kuna da niyyar haɗa injin ɓarzar ƙasa don aikin rani irin na Jiratawa, ko injin daddatsa karan dawa don abincin dabbobi, to kowanne a nema masa nasa, a yanke shi daidai da shi. Siffar bututun ma iri-iri ce, akwai mai kusurwa uku, akwai mai kama da lemo, akwai mai tauraro irin na Walterscheid na Jamus, kuma rabin wannan ba ya shiga rabin wancan.

Sai maganar notin da kuka sauya, wadda ita ce ta fi damuna a cikin bayaninka. Notin nan an yi shi ne domin ya tsinke. In dami ya shiga da yawa ya shaƙe inji, ko dutse ya biyo zangarniya, dole wani abu ya karye, sai masu ƙira suka zaɓi abin da ya fi komai araha ya zama shi ne mai karyewa. Da kuka sa mai ƙarfi, bugun ya wuce shi ya faɗa wa mahaɗa. Ku koma wa noti mai kauri ɗaya da na asali, mai lamba ɗaya da wadda aka buga a kansa, sau da yawa 8.8 ce. Ku saya da yawa ku ajiye a akwatin tarakta, domin ranar da ya ƙare a tsakiyar aiki ita ce ranar da ake cusa guntun rodi. In yana tsinkewa fiye da kima, laifin yana wajen ciyar da inji: ana tura dami da yawa lokaci ɗaya, ko hatsin bai bushe ba, ko direba ya rage wuta don tattalin gazuwal. Inji ba ya sussuka da kyau sai allurar agogon tarakta ta kai alamar 540 da aka zana a jikinsa. Kuma a fara juyi a hankali, wuta a ƙasa, inji babu komai a ciki, sannan a ƙara.

Injin sussuka yana da ganga mai nauyi wadda ba ta tsayawa nan take in an kashe juyi. Saboda haka kardan mai kulocin da ke barin inji ya ƙarasa juyinsa shi kaɗai ya fi dacewa da shi. Injin ɓarzar ƙasa kuwa mai kulocin faifai ake sa masa, wanda ke zamewa in nauyi ya yi yawa. Faifan nan sukan manne in sun daɗe a ajiye, don haka a farkon kowane aiki a sassauta notunan, a bar shi ya zame na ƴan daƙiƙu, a mayar da ɗaurin yadda yake.

Walda a mahaɗa ban yarda da ita ba ko kaɗan. Zafi yana kashe taurin ƙarfen, yana ƙona giris ɗin ƙananan alluran da ke cikin hular giciye, kuma da wuya a mayar da kunnuwan kan biyu su daidaita a layi ɗaya. Da zarar sun saɓa, kardan zai riƙa girgiza yana cin boris. Giciye ana sayar da shi shi kaɗai, a fitar da tsoho a sa sabo.

Wajen aiki, ku tsayar da tarakta da inji a miƙe, ku daidaita ƙasa in da tudu. Karkatar da ba ta wuce digiri 15 ba ita ake so. In ka ji yana ƙwanƙwasa, karkatar ta yi yawa.

Giris a giciye duk bayan awa 8 na aiki, wato kullum da safe a lokacin kaka. Amma a ƙasarmu mai rairayi, ga ƙaiƙayi ga ƙurar hunturu, yadda ake sawa ya fi yawan sawa muhimmanci. Ka goge kan nonon giris da tsumma kafin ka ɗora famfo, in ba haka ba yashi kake turawa ciki da hannunka. Ka buga har sabon giris ya leƙo ta hula huɗun duka. In uku suka fitar, ɗaya ta ƙi, wannan ɗayar a bushe take aiki, ita za ta fara ci. Bututun kuma, lokaci-lokaci ka zare shi, ka wanke tsohon giris da gazuwal, domin giris da ya sha yashi niƙa yake yi kamar dutsen niƙa.

Ina roƙonka, Malam, kada ku sayi kardan marar rigar roba, ko an rage muku kuɗi. Juyi 540 a minti juyi 9 ne a daƙiƙa ɗaya. Bututu mai kaurin santimita 5 yana naɗe fiye da mita ɗaya na yadi kafin mutum ya buɗe baki ya yi ihu. Masussuka kuwa wuri ne na babbar riga da rawani da zane da hijabi, ga mata masu sheƙa, ga yara masu tsintar zangarniya. Rigar ta rufe daga kai har kai, a maƙala ƴan sarƙoƙinta biyu a jikin tarakta da inji don kada ta bi juyi. Da tarakta a kashe, ka murza ta da hannu: in ba ta juya ita kaɗai a kan bututun ba, ta manne, a gyara ta kafin a tada inji. Kada kowa ya tsallaka kardan yana juyi, kada kuma a sa hannu cire abin da ya shaƙe sai an kashe tarakta, ganga ta tsaya cak.

In kaka ta wuce, ku cire shi, ku wanke, ku shafe shi da giris, ku rataye a cikin ɗaki. Ranar Maradi tana gasa roba har ta tsattsage, damina kuma tana sa bututu biyun su yi tsatsa su manne.