Alayyahun ruwa: a tsinko na kududdufi ko a shuka a gida?

Tambaya: Akwai wani ganye mai yaɗo da nake gani a bakin kududdufi, an ce mini alayyahun ruwa ne kuma ana cin sa. Zan iya tsinkowa in dafa? In kuma ina so in shuka nawa, yaya zan yi?

Amsa: Ana cin sa ƙwarai. Dangin dankali ne, masana na kiran sa Ipomoea aquatica, kuma a Biyetnam, Filifin da Indonesiya yana cikin ganyayyakin da aka fi nomawa. Karansa na da rami a ciki kamar bututu, shi ya sa yake yawo a kan ruwa, yana fid da saiwa a kowace gaɓa. Ganyensa dogo ne mai tsini kamar kan mashi. A lura kada a rikita shi da duman kada, wanda ganyensa zagayayye ne mai kauri. Shi ba a ci, har karkarwa yake sa wa tumaki da awaki.

Amma na kududdufi ban ba da shawarar a ci ba. Wannan tsiro yana zuƙar duk abin da ke cikin ruwan da yake zaune, har da dalma da sauran ƙarafa masu guba, kuma dafuwa ba ta fitar da su. Ruwan da bahaya ke shiga kuwa yana iya barin ƙwayoyin tsutsar hanji manne a jikin kara. Waɗannan zafin wuta na kashe su, saboda haka kada a ci shi ɗanye, ko da ya yi kyau a ido.

Shuka shi ba wuya. Hanya mafi sauri ita ce dashe: a yanko kara mai tsawon santimita 25 zuwa 30 mai gaɓa uku ko huɗu, a binne gaɓa biyu a ƙasa mai laima, a bar tazarar santimita 20. In da iri za a fara, a jiƙa shi kwana ɗaya saboda ɓawonsa na da tauri, a shuka a zurfin santimita ɗaya zuwa biyu. Ba dole sai tafki ba. Fangali ko bahon roba ya isa, muddin ƙasar ba za ta bushe ba. Da zarar ta bushe, karan zai yi tauri ya cika zare. Yana son rana sosai da zafi tsakanin digiri 25 zuwa 30, da sanyi kuwa sai ya tsaya cak.

Bayan sati huɗu zuwa shida sai a fara yanka. Nan ne mutane da yawa ke kuskure, suna yankewa daidai ƙasa. A bar gaɓa biyu ko uku, daga nan sabon toho zai fito, a sake yanka bayan kwana 10 zuwa 14. Kowane yanka a bi shi da ruɓaɓɓen taki. In ganye ya fara ƙanƙancewa yana yin rawaya, yunwar taki ce. In aka ga fararen ƙuraje a bayan ganye, cutar farar tsatsa ce: a cire ganyen da ya kamu, a rage cunkoso, a daina zuba ruwa ta saman ganye.

Ba ya ajiyuwa, ko a firji kwana biyu zuwa uku ne. Wajen dafawa a fara sa karan, bayan minti ɗaya a zuba ganyen, wuta da ƙarfi, a sauke da zarar komai ya yi laushi, domin in ya daɗe a tukunya baƙi yake yi.