Na iya iyo tun ina yaro, dole ne sai na yi horon ceton rai kafin in hau jirgin bincike?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin digiri na biyu ne a fannin kimiyyar teku, ina zaune a Agege. An ba ni gurbi a wani jirgin ruwa na bincike da zai tashi daga Tromso ta ƙasar Norway a watan Yuli, mu yi mako biyar a mashigin Fram, wato tekun da ke tsakanin tsibirin Girinlan da tsibiran Svalbard, can arewacin duniya. Tun da saƙon ya zo barci ya ƙaurace mini, mahaifiyata kuma kullum cikin kuka take. Sun ce sai na kawo takardar horon ceton rai a teku, ga kuɗin ya fi ƙarfina, ga lokaci ya ƙure. Wani a Apapa ya ce zai samo mini ita cikin kwana biyu, ba sai na shiga ruwa ba. Ni kuwa a Yawuri na tashi, iyo ba baƙona ba ne. In karɓa? Kuma yaya rayuwar cikin jirgin take?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya sa alheri, ka kuma kwantar wa Hajiya da hankali. Cikin jirgin akwai ɗumi, da 'yar shara za ka riƙa yawo. Sanyin yana waje, a dandamalin da ake aiki, kuma a watan Yuli iskar can ba ta cika nisa da digiri sifili zuwa biyar ba. Kada ka sa auduga a jikin fata, domin tana riƙe gumi ta sanyaya ka. Ulu za ka nema, riga kan riga.

Aikin ka san shi, ba sai na koya maka na'urar CTD mai auna gishiri, zafi da zurfin ruwa ba. Bambancin shi ne jirgi ba ya barci, ana karɓa-karɓa dare da rana, kuma idan aka zura na'urar zurfin mita 2,500 sai ka yi awanni kana kallon kwamfuta, sannan ka fita ka tsuguna gaban kwalabe 24 kana ɗiban ruwan da ya kusa daskarewa. Kwana biyu ko uku na farko jiri da amai za su iya kayar da kai, ka sha maganin tun kafin a bar gaɓa. Rana ba za ta faɗi ba ko sau ɗaya, don haka ka zauna da malaminka tun a nan kan lokutan salla. Malamai sun yi bayanin ƙiyastawa da gari mafi kusa da ake samun dare da rana, ko da lokacin Makka. Ka sanar da kuku tun wuri abin da ba ka ci. Yaji ka tafi da shi, kilishi kam bar shi a Agege, ba a shiga Norway da nama daga ƙasashenmu.

Yanzu ga maganar da ta hana ni ajiye wasiƙarka. Kada ka karɓi takardar nan. Na gaji da jin “ai na iya iyo” daga bakin yaranmu, kusan duk wanda ya zo wurina da irin wannan dama sai ya faɗe ta. Ruwan da ka sani a Yawuri da wanda ke gaban Legas, mai ɗumin digiri 27 zuwa 29, ba su gaya maka komai ba game da inda za ka. Ruwan teku ba ya daskarewa sai ya kai kusan digiri 1.8 ƙasa da sifili, kuma a ɓangaren mashigin Fram da ke kusa da Girinlan yakan kusanci hakan ko a tsakiyar bazararsu.

Mutane suna zaton wanda ya faɗa irin wannan ruwa a hankali sanyi ke cin sa, yana iyo yana jiran ceto. Ba haka abin yake farawa ba. Da zarar ruwan ya taɓa fata, jiki zai ja wani wawan numfashi da kansa, ba da izininka ba. Idan kanka na ƙarƙashin ruwa a wannan daƙiƙa, ruwa ka shaƙa. Sai haki ya biyo baya na minti ɗaya zuwa uku, zuciya na bugu, ba ka iya riƙe numfashi. Gwanin iyo shi ya fi shiga haɗari a nan, domin abin da ya saba shi ne ya fara sara da hannu, kuma iyo cikin haki shi ne nutsewa. Wanda aka horar ya san ya kwanta a kan rigar cetonsa, ya kare baki da hanci, ya jira hakin ya lafa. Bayan nan kana da kamar minti goma kafin yatsu da damatsa su daina jin magana. Igiya za a jefo maka, kana ganinta, hannu ya ƙi kamawa. Sanyin da ke kashe cikin jiki sai bayan rabin awa ko fiye yake zuwa, da yawa ba sa kai wa can.

To gaya mini, wanne daga cikin waɗannan mutumin Apapa zai koya maka? Akwai rigar tsira mai rufe mutum daga kai har ƙafa. Ƙa'idar duniya ita ce ka iya sa ta kai kaɗai cikin minti biyu, kuma mai kaurin cikinta an ƙera ta ne yadda zafin jiki ba zai ragu da fiye da digiri biyu ba bayan awa shida a ruwa mai digiri sifili zuwa biyu. Ranar da na fara gwada ta, a ƙasa mai daɗin tsayuwa, da hasken rana, na wuce minti biyun ban ja zif ba. Ka ƙiyasta yin hakan karon farko jirgi na tangaɗi, ƙararrawa na kaɗawa. Haka juya kwale-kwalen roba idan ya kife, da hawa cikinsa daga ruwa, da ɗauko wanda aka ceto a kwance ba a tsaye ba don kada ya some. Hannu ne ke koyon waɗannan.

Abin da ke ƙona mini rai, waɗannan dillalan sun san talauci ne ya kai ka wurinsu. Yarjejeniyar STCW ta 1978, wato ƙa'idojin duniya na horon ma'aikatan jiragen ruwa, ba don a wahalar da kai aka kafa ta ba, gawarwaki aka ƙirga kafin a rubuta ta. Kuma ba ranka kaɗai ba ne. Idan ka ruɗe a ruwa, wani matuƙi mai mata da 'ya'ya ne zai sauka ya ɗauko ka, bisa amanar cewa ka san abin da takardarka ta ce ka sani. Ha'inci ne, ƙanena, ko ba a kama ka ba. In kuwa aka kama, ka rufe ƙofar ga ɗan Najeriyar da zai nema bayanka. Haka masu cewa ka sha citta da kanumfari ko wani jiƙo “maganin sanyi”, ka sha don daɗin bakinka, ba ya tsayar da hakin nan ko na daƙiƙa ɗaya.

Yau ɗin nan ka rubuta wa shugaban masu binciken tafiyar. Ka tambaye shi takamaiman takardar da suke so, domin sau da yawa ba a neman cikakken horon matuƙa daga ɗan bincike, sashen tsira a teku ne kawai da shaidar likita, kuma ba ya cin kwanaki da yawa. Ka faɗa masa gaskiya cewa kuɗi sun yi maka wuya, ka tambaya ko za su biya, ko su shirya maka shi a can kafin tashi. In a Legas za ka yi, ka tabbatar cibiyar tana cikin waɗanda hukumar NIMASA mai kula da harkokin jiragen ruwa a Najeriya ta amince da su, ka je da ƙafarka ka ga tafkin horon kafin ka ba da ko sisi.