Kifin Kogin Kaduna a akwatin gilashi: me ya kashe na farko, kuma yaya za a kafa sabo?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Unguwar Dosa da ke Kaduna. Watan jiya na sayi akwatin gilashi mai cin lita 60, na cika shi da ruwan famfo, a ranar kuma na zuba ƙananan kifaye 14 da na karɓo daga hannun wani masunci a bakin Kogin Kaduna, wato kurungu da kawara da 'ya'yan tarwaɗa biyu. A kwana na huɗu ruwan ya yi fari kamar an ɗiga madara, sai na kwashe kifin, na wanke akwatin da soson filta tas, na zuba sabon ruwa. Sau uku ina yin haka. Daga baya mai sayar mini da abincin kifi ya ce in fasa kafso in barbaɗa a ruwan, na kuwa yi. Yanzu tarwaɗa biyun nan kaɗai suka rage, yara kuma kullum sai sun tambaye ni ina sauran. Na riga na ba da aikin babban akwati mai tsawon santimita 120, amma ina tsoron in sake kashe bayin Allah a banza. Ina kuskuren yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka kwantar da hankalinka, domin abin da ya faru da kai sananne ne kuma yana da gyara. Sai dai zan faɗa maka gaskiya ko da ba za ta yi daɗi ba: cuta ba ta kashe kifinka ba, wankin da ka riƙa yi ne ya kashe su, kafson kuma ya ƙarasa aikin.

Kusan kowane mako sai na ji wannan labari, kuma tushensa guda ne, wato zaton da mutane suke yi cewa ruwan da ya yi garau shi ne ruwa mai lafiya. Idon ɗan Adam ba ya ganin abin da yake kashe kifi a sabon akwati. Kifi yana fitar da wata guba da ake kira amoniya ta wurin numfashinsa, kashinsa da ragowar abinci kuma suna ruɓewa su ƙara wata. A kogi ruwa yana tafiya da ita, amma a lita 60 da kifi 14 babu inda za ta je. Abin da yake kawar da ita shi ne ƙwayoyin bakteriya masu amfani, waɗanda wani rukuninsu yake mayar da amoniya ta zama naitirayit, wani kuma ya mayar da naitirayit ta zama naitiret, wadda ita ce mai sauƙin illa. Waɗannan ƙwayoyin ba a cikin ruwa suke yawo ba, manne suke a jikin soson filta da tsakuwa da yashi, kuma suna ɗaukar mako huɗu zuwa shida kafin su yi yawan da za su iya da aikin. Ka ga ke nan ranar da ka zuba kifi babu su, duk lokacin da suka fara kama wuri kuma sai ka ɗauki soson ka wanke shi a bakin famfo, kulorin da ke cikin ruwan ya hallaka su, akwatin ya koma kamar ranar farko.

Farin da ka gani a kwana na huɗu ma ba shi ne matsalar ba. Wasu ƙwayoyi ne na daban suke yin yawa a sabon ruwa, kuma da ka rage abinci ka ƙyale shi, da ya washe da kansa cikin 'yan kwanaki. Abin da ya kamata ka lura da shi shi ne halin kifin. Ina da yaƙinin cewa kafin su mutu ka ga kawara sun taru a saman ruwa suna haki alhali injin iska yana aiki, kurungu kuma sun lafe a kusurwa sun daina cin abinci. Naitirayit tana shiga jinin kifi ta hana shi ɗaukar oksijin, har jinin ya koma ruwan ƙasa, sai kifi ya shaƙe a cikin ruwan da ke cike da iska. Tarwaɗa ta tsira ne saboda Allah ya yi mata wata gaɓa da take shaƙar iskar sarari da ita, ga kuma juriya, shi ya sa ake ganinta da rai a daro a kasuwa har yamma. Wannan juriya tata ita ce take yaudarar mutane su ce ai kifin gida ba ya mutuwa, sai su ɗora wa kawara da kurungu abin da tarwaɗa kaɗai take iya ɗauka.

Maganar kafso kuwa tana ba ni takaici ƙwarai. Mutumin da bai ga kifin ba, bai gwada ruwan ba, bai ma tambayi ranar da aka kafa akwatin ba, shi ne zai ce a fasa maganin da aka yi wa ɗan Adam a zuba. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya tambayar wace ce mai amfani da wace ce mai cutarwa, saboda haka yana iya taɓa waɗanda kake jira su taru a filta. Wani zai ce a matse shuwaka, wani ya ce a watsa gishiri da hannu ba awo, kowa dai ya zama likita da zarar ya buɗe shagon abincin kifi. Gishiri yana da ɗan amfani wajen rage shigar naitirayit jikin kifi, amma da awo ake sa shi, kuma ba ya cire gubar daga ruwa. Kuɗin da aka kashe a kafso da an haɗa an sayi kayan gwajin ruwa, da an san gaskiya cikin minti goma.

To, ga yadda za ka yi da sabon akwatin. Idan faɗinsa da tsayinsa santimita 45 ne, zai ci kimanin lita 240, kuma da gilashi da yashi nauyinsa zai kai kilo 300, don haka a yi masa teburin ƙarfe a daidaita shi sosai, nesa da taga mai rana. Ka tabbatar kaurin gilashin ya kai milimita 10, kuma an haɗa shi da silikon wanda ba a gauraya da maganin fumfuna ba. Ka wanke yashin kogi da ruwa zalla har ya daina ba da laka, ba omo ba sabulu. Ruwan famfo a tara shi a buɗaɗɗen mazubi ya kwana biyu, ko a sa masa maganin cire kulorin, wanda ya fi tabbas. Ruwan burtsatse ba shi da kulorin amma yakan fito da ƙarancin oksijin, sai a sa masa injin iska ya kwana. Idan kuwa daga mai ruwa kake saye, ka sansana jarkar, domin wadda ta taɓa ɗaukar fetur ko kananzir ba ta da wurin zama a wannan aiki.

Daga nan ka kunna filta ka bar akwatin babu kifi. Kullum ka jefa ɗan abincin kifi, abin da yatsu biyu za su tsinka, ya ruɓe ya ciyar da ƙwayoyin. Idan kana da aboki mai akwatin da ya daɗe yana aiki lafiya, ka roƙi guntun soson filtarsa a jiƙe ka sa a taka, wannan yana rage jira sosai. Ka riƙa gwada ruwan sau biyu a mako. Za ka ga amoniya ta hau ta sauka, naitirayit ta bi bayanta, kuma sai ranar da dukkansu biyun suka nuna sifili, naitiret ta bayyana, sannan za ka sa kifi, su ma huɗu ko biyar a karon farko, a ƙara bayan mako biyu. Bayan haka canjin ruwa kashi ɗaya cikin huɗu ne a mako, a zuƙe shi da tiyo daga ƙasa, soson kuma a matse shi a cikin bokitin ruwan da aka ciro, ko da launinsa bai yi maka kyau ba.

Game da zaɓin kifi, tarwaɗa biyun nan kada su shiga, domin tarwaɗa tana iya wuce mita guda, kuma duk abin da ya shiga bakinta abincinta ne. Haka tsage da giwan ruwa da yauni, girmansu ya fi ƙarfin falo. Minjirya ma, mai jan mutum kamar lantarki, ban yarda da ita ba a gidan da yara suke tsoma hannu a ruwa. Ƙananan kurungu uku da garken kawara shida zuwa takwas sun isa, da duwatsu ko fasasshiyar tukunyar ƙasa da kurungu za su ɓuya da rana, da kuma murfi mai kyau, saboda kawara gwanar tsalle ce. Ka nemi masuncin ya ba ka kamun gura, wato tarkon kifi, tun da kalli, wato raga, yana goge jikin kifi ya bar masa rauni. Tsohon akwatinka mai lita 60 ya zama wurin killace sabon kamu na mako uku kafin a haɗa su da sauran. Kada ka ɗauko dodon koɗi ko ciyawar kogi kai tsaye, domin wasu dodon koɗin ne suke ɗauke da tsargiya, kuma yaranka ne za su fara taɓa ruwan.

Abu biyu ne za su gwada ka a Kaduna. Na farko ɗauke wuta, domin ƙwayoyin filta suna buƙatar ruwa mai motsi da iska, don haka na fi son filtar soso da ƙaramin injin iska mai batir, wanda yake ci gaba da aiki idan wuta ta tafi. Na biyu hunturu. Kifin nan sun fi sakewa tsakanin digiri 24 da 28, a daren Disamba da Janairu kuwa ruwan akwati yana sauka ƙasa da haka sosai, sai su daina ci su kama cutar fararen ɗigo. Ka tanadi hita mai wat 200 da ma'aunin zafi tun kafin iskar ta taso, idan babu wuta da dare kuma ka lulluɓe akwatin da bargo, ka bar ƙofar iska ta sama.