Hajiya, ki kai yaron da kanki likita ya gan shi

Wa alaikumus salam Hajiya. Kin ce lakwal ta nemi takardar likita kafin ɗanki ya shiga ƙungiyar ƙwallo, wani kuma ya ce ki ba shi sunan yaro kawai, zai kawo miki ita da tambari. Don Allah kar ki yarda. Na daɗe ina koyar da EPS, wato darasin wasanni da motsa jiki, a nan Damagaram, irin wannan takarda mushe da darakta kawai take karewa, ba ta kare yaro.

Awon ba shi da wuya. A CSI, wato ƙaramin asibitin unguwarku, za a auna nauyi da tsawo da tansiyo, a saurari zuciya da huhu, a taɓa ciki ko saifa ta kumbura, a duba ƙaba. Amma rabin aikin yana bakinki, shi ya sa nake cewa ki je da kanki. Ya taɓa suma yana gudu? Ƙirji na masa ciwo? Hazo na tayar masa da asma? A dangi akwai wanda ya faɗi ya rasu farat ɗaya da ƙuruciyarsa? Yaro ba zai faɗa ba, tsoro yake kar a hana shi wasa. Na sha ganin yaro ya ɓoye suma sai abokansa suka tona. In kin tuna Marc-Vivien Foé na Kamaru, a fili ya faɗi a Faransa a 2003, ciwon zuciya ne, ga shi ƙato majiyi ƙarfi.

Abin da na fi nanatawa shi ne sikila. Ki nemi gwajin jini in ba a taɓa yi masa ba. Mai AS, wato wanda ya gaji sikila daga ɓangare ɗaya kawai na iyayensa, yana wasansa lafiya lau, amma gudu mai tsanani a zafin Afrilu da Mayu, rana ta haura digiri 40, babu ruwa a jiki, yana iya kayar da shi. Mai SS kuwa, wato mai ciwon sikilar kansa, likita ne zai faɗi iyakar abin da zai yi.

In an ji wata ƙara a zuciya za a tura ku babban asibitin Zinder a ƙara bincike. Kar hankalinki ya tashi, da yawa ba komai ba ce. In ma an ce ya dakata, ki karɓi takardar dakatarwar ki ajiye, za ta yi amfani lokacin gwajin wasanni na jarrabawar BEPC.

Ki bar wa mushensa kofin takardar da lambar wayarki. Kuma ranar da ya tashi da masassara, ko wasan ƙarshe ne, ya zauna gida.