Hiace Tana Misin, Ga Wayoyi Uku Suna Lilo

Yarona, na ji tambayarka, kuma na ji daɗi da ka tsaya ka tambaya kafin ka sa hannu. Ka ce tsohuwar Hiace ɗin nan mai lodin Daura tana kakkarwa a silo, wato injin na aiki ba a taka komai ba, in an taka totur sai ta riƙa sarƙewa, salansa kuma na fitar da warin ɗanyen fetur. Ka ɗaga kujerar gaba ka iske wayoyi uku a sake: soket mai baki biyu kusa da inda ruwa ke fita zuwa lagireto, wata waya mai zobe a kai tana lilo bayan tof-silinda, sai wani farin soket da aka naɗe da tef. Kana so ka ji ko su ne suka jawo misin ɗin, ko ka mayar da su duka ka tayar.

Kada ka haɗa ko ɗaya tukuna.

Idonka ne ya fara faɗawa kansu, shi ya sa zuciyarka ta kama su da laifi. Amma dubi shekarun motar. Irin wannan bodin Toyota ta yi shi ne daga 1989 zuwa 2004, ka ga ko autarsu ta haura shekara 20. Ta yi aiki a Turai, ta biyo ta Kwatano, ta shiga hannun makanikai da masu rewaya da ba mu san adadinsu ba kafin ta iso Katsina. Cikin wayoyin nan akwai wadda ƙila ta yi shekaru tana lilo mota na zuwa Daura tana dawowa lafiya lau. In ka cusa ta inda ba nan ne gidanta ba, ka aika wutar batir cikin layin da bolt 5 kawai yake ɗauka, to ka ƙone burenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, kuma kuɗinsa ya fi kuɗin aikin nesa ba kusa ba.

Fara da direba. Ba shi benci ya zauna, ku gaisa, sannan ka tambaye shi cikin ladabi: Malam, yaushe ta fara? An wanke injin ne? An sha mai a jarka bakin hanya? Wani ya taɓa ta kwanan nan? Da safe take yi in ta yi sanyi, ko sai ta ɗau zafi? A tsaye, ko sai ta ɗau lodi ta kama hanya? Kowace amsa tana nuna maka ƙofa. Wadda ta fara bayan wanki ko bayan ruwan sama, danshi ne a hular distirbuta ko wayoyin filogi. Wadda ke lafiya a silo amma ta sarƙe da lodi, ko wuta ce ta yi rauni ko mai ba ya isa. Wadda ke kakkarwa a silo sannan ta daidaita in an ba ta wuta, galibi iska take ja ta inda bai kamata ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, direba ya san abin da motarsa ke sha kamar yadda ya san kuɗin cefanen gidansa, don haka tambaye shi shan mai ma, ba zai ɓoye maka ba.

Silinda kamar tukunya ce bisa murhu, duwatsu uku ke riƙe da ita: wuta, mai gauraye da iska daidai gwargwado, da matsi. Ɗaya ya goce, girki ya zube. Misin ba wani abu ba ne illa silinda ta zo lokacin kamawarta ba ta kama ba, ɗanyen man ya fice ta salansa, wanda shi ne warin da ka shaƙa. Abin da nake so ka fara ganowa shi ne, silinda ɗaya ce ta mutu, ko dukkansu ne ke tuntuɓe jefi-jefi? Rabin aikin yana nan.

Tayar da ita a silo. Tunda mai nozul ce, wato mai fesa wa kowace silinda manta, zare soket ɗin nozul na lamba 1, wato ta gaba kusa da fanka, ka saurara. In injin ya ƙara faɗuwa, wannan silindar tana aiki, mayar ka wuce ta gaba. Wadda ka zare ba abin da ya canza, ita ce matacciyar. Na san kana ganin ana fizge wayar filogi da hannu a garejoji. Ni ban yarda da shi ba. Wutar da ke bin wayar nan tana haura bolt 20,000, kuma in aka bar ta a iska ba ta da inda za ta sauka, sai ta koma ta huda koyil ko ta kashe iginaita, wadda ke kunna koyil ɗin. In mai kafireta ce ba yadda za ka yi sai ta wayar filogi, to kama ta da filaya mai roba, ka kai bakinta kusa da ƙarfen injin wutar ta samu wurin sauka, kuma ka tabbata ba fetur a zube.

Ka gano ta? Kashe injin, kwance filoginta, ka karanta bakinsa kafin ka goge. Launin ƙasa-ƙasa lafiya ne. Baƙin toka busasshe, mai ya yi yawa. Jiƙe da fetur, wuta ba ta zuwa. Jiƙe da baƙin mai, ring ko bawul sun fara saki. Fari tas fiye da 'yan uwansa, kamar an wanke shi, wannan ka yi hattara, ruwa ke shiga ta gaskit. Sai ka yi musaya, wadda ita ce gwaji mafi araha a duk sana'ar nan: in, misali, lamba 3 ce matacciyar, kai filoginta zuwa lamba 2, na 2 ya dawo 3. In misin ya bi filogi, ka kama ɓarawo. In ya tsaya inda yake, filogi ba shi da laifi, kada ka sa bawan Allah ya sayi sabon saiti a banza.

Wayoyin filogi kuwa, kafin komai ƙirga jerinsu. Injin mai silinda huɗu irin wannan yana kamawa ne 1, 3, 4, 2. Bi hular distirbuta daga lamba 1, ta ɓangaren da rota ke juyawa, ka ga ko haka suke jere. Wanda ya canza filogi cikin gaggawa ya sarƙa 3 da 4, ko 2 da 3, motar za ta iya tashi, amma za ta riƙa girgiza tana harbi ta salansa, kuma an sha sauke tof-silinda a kan wannan kaɗai. Auna kowace waya da mita. A littafin Toyota kada tirjiyarta ga wuta ta wuce om 25,000, wadda mita ta nuna a yanke kuwa ta gama aiki. Buɗe hular ka duba ciki: tsagewa, siririn baƙin layi kamar an ja fensir, ɗan gawayin tsakiya da ya cinye. In duk da haka kana kokwanto, jira bayan magariba ka tayar da ita cikin duhu. Wayar da ta tsage za ka ga shuɗiyar wuta na tsalle daga jikinta zuwa ƙarfe.

In wuta na zuwa da ƙarfinta, koma kan nozul. Ɗora bakin doguwar sukundireba a jikinsa, mariƙin a kunnenka. Mai rai yana ƙyas-ƙyas-ƙyas ba tsayawa. Wanda ya yi shiru, ko ya mutu ko wuta ba ta iso mashi, kuma a nan ne waya ke fara shiga maganar, don soket ɗin nozul na tsohuwar mota yakan bushe ya karye, ko ɓera ya ci wayar.

Matsi shi ne na ƙarshe, don shi ne mai tsada. Injin da ɗumi, filogi duka a waje, fiyus ɗin famfon mai a cire, totur a buɗe gaba ɗaya, sai ka auna matsin kowace silinda. Ba lamba ɗaya nake so ka kawo mani ba, huɗun nake so, a rubuce. Kada wata ta gaza 'yan uwanta da fiye da kashi 10 cikin 100. Wadda ta faɗi, zuba mata ƙaramin cokali na baƙin mai ka sake aunawa. In ta tashi, ring ne. In ba ta motsa ba, bawul ne. Biyu maƙwabtan juna suka faɗi tare, gaskit ya ƙone a tsakaninsu.

Idan kuwa ka zare nozul huɗun kowanne ya sa injin ya faɗi, amma tana tuntuɓe, to ciwon na tarayya ne. Filtar iska da ƙurar hunturu ta toshe, filtar mai, famfon da ya gaji, ruwa a tanki, tiyon iska da ya tsage, taimin da wani ya murɗa da kunne. Yanzu ne wayoyinka uku suka cancanci a saurare su.

Motar ma tana iya gaya maka da bakinta. Waɗannan tsofaffin ba lallai su karɓi kwamfutar da ake jonawa ƙarƙashin sitiyari ba, amma suna da ɗan akwati mai murfi, a cikinsa akwai ramuka masu suna TE1 da E1. Haɗa su biyun da guntun waya, murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ka ƙirga ƙiftawar fitilar injin a das-bod. Biyu, ta dakata, biyu, wato 22, sansar zafin ruwa. 21 sansar salansa ce, 24 ta zafin iska, 41 ta totur, 14 saƙon iginaita. Karanta sunan ramukan a bayan murfin sau biyu kafin ka soka komai, don a cikin akwatin nan akwai mai wutar batir. In fitilar ba ta kamawa sam ko da ka murɗa makulli, wani ya cire ƙwan ne don kada mai saye ya gani. Wannan aikin ba na ƙaunarsa, kuma kada in ji ka yi wa kowa shi.

Soket mai baki biyun nan, ina kyautata zaton na sansar zafin ruwa ne. Kada ka rikita ta da mai waya ɗaya, wadda allurar das-bod kawai take motsawa. Mai baki biyu ita ke gaya wa burenbos zafin injin domin ya san yawan man da zai fesa. Auna ta kafin ka mayar: da sanyin safiya wajen om 2,000 zuwa 3,000, in injin ya kai digiri 80 ta sauko wajen om 300. In an cire ta, burenbos ɗin Toyota yakan ɗauka injin ya riga ya yi zafi, sai ta wahalar da direba da asuba lokacin sanyi, tana tari har ta ɗumama. Wasu motocin kuma akasin haka suke, su ɗauka sanyi ake su yi ta ambaliyar mai. Ko wanne ne, silinda huɗun yake taɓawa tare. Ba zai kashe lamba 3 ita kaɗai ya bar saura ba.

Mai zoben nan ita ta fi damuna. Zobe a bakin waya alama ce ta noti take nema, kuma a bayan tof-silinda galibi as ce, wato wayar da ake ɗaurewa a jikin ƙarfe don wuta ta koma batir. Duba launinta: a Toyota fara mai baƙin layi as ce, ruwan ƙasa kuma as ɗin sansa da burenbos. Amma launi shaida ɗaya ce, ban yarda da ita kaɗai ba, don wayar da ke zuwa bayan altaneta ma zobe gare ta, kuma wuta ce tsagwaronta. Taɓa ta da fitilar gwaji, makulli a kashe, sannan a buɗe. In fitilar ta haska sosai, ja da baya ka kira ni. Yara suna raina as saboda ba ta da fiyus, ba ta tartsatsi, alhali duk wutar da ta fita daga batir ta nan take komawa. As ɗin nozul ko na burenbos in ya yi sako-sako, mota sai ta yi lafiya a kan kwalta mai santsi, da ta faɗa rami ta ɗauke ta dawo. Masu irin wannan ciwon sun sayi koyil, sun sayi famfo, wasu har burenbos, maganin kuwa noti ɗaya ne da takardar yashi. Ga yadda za ka tabbatar: mita a kan bolt, tsinke ɗaya a kan mainos ɗin batir, ɗaya a jikin injin, wani ya yi sitata. In ya haura kamar bolt 0.3 zuwa rabin bolt, babbar as ɗin ma tana neman wanki. Kankare wurin sai ƙarfe ya yi ƙyalli, ɗaure tam. Wayar kanta za ta nuna maka gidanta, domin shekarun zafi sun sandarar da ita a lanƙwasar da ta saba, kuma tsawonta ba ya ƙarya. Nemi ramin noti a iyakar inda ta kai, za ka ga tabon zoben.

Farin soket mai tef, in naɗin na kamfani ne, tsaf-tsaf, cikinsa ba alamar an taɓa soka komai, bar shi. Kamfani kan yi damin waya iri ɗaya don motoci da yawa, mai esi, mai giyar otomatik, mai hitar baya ta ƙasashen sanyi, abin da motarka ba ta da shi sai a naɗe bakinsa. Haka in an taɓa canza injin, ragowar tsohon yakan zauna a wurin.

Duk wadda za ka haɗa, cire kan mainos na batir tukuna. Ɗaya za ka haɗa, ka tayar, ka saurara, sannan ta gaba, domin in ka haɗa su tare ta warke ba ka san wadda ta warkar ba, in wani abu ya ƙone ba ka san wadda ta ƙona ba. Wayar da ta yanke a yi mata dalma a rufe da kyau, ban da murɗawa da haƙori a liƙa leda, zafin ƙarƙashin kujerar Hiace ba ya barin wannan. Fiyus ya ƙone, sa mai lambarsa. Silin tagulla a gurbin fiyus shi ke tayar da gobara, kuma wannan mota mutane take ɗauka, injin na ƙarƙashin mazauninsu.

Ka gaya wa direba kada ya ce bari ya yi sawu ɗaya ya dawo. Ɗanyen fetur yana wanke baƙin man da ke jikin silinda, ya gangara ya tsinka na cikin injin, aikin filogi ya koma aikin ring. In kun gama, shinshina sandar gwajin mai, in tana warin fetur a juye shi. Zare fiyus ɗin EFI, wato na burenbos, na ɗan lokaci don tsofaffin lambobin su goge, sannan ku hau hanyar Daura tare da shi, ku yi nisa har ta ɗau zafi sosai, ya taka ta a giya ta huɗu daga ƙaramin gudu, inda misin ke fi fitowa. Da kun dawo sake haɗa TE1 da E1 ka ƙirga, ka kawo mani abin da ta nuna tare da lambobin matsin nan huɗu.